Birki Mai ABS ko Birki Zalla: Wanne Ya Kamata Ka Zaɓa?

Mutum biyu ne suka fi tambayata a kan birkin ABS, wato birkin da ke hana taya ƙamewa idan an taka shi da ƙarfi. Na farko shi ne wanda ya tsaya tsakanin motoci biyu zai saya, ɗaya tana da shi ɗaya ba ta da shi, yana son ya san ko bambancin ya kai a damu. Na biyu kuwa motarsa tana da ABS ɗin, sai dai fitilarsa mai ruwan ɗorawa ta kama a allon gaban direba ta ƙi mutuwa, wani kuma ya ba shi shawarar a cire abin gaba ɗaya a huta. Tambaya ɗaya ce aka sa mata riga biyu. Amsata ga kusan kowa ita ce ya zaɓi ABS. Amma akwai hanyoyin da birki zalla ya fi shi saurin tsayar da mota, kuma wanda ya saye shi da zaton zai tsayar masa da mota nan take a ko'ina, zai iya jefa kansa cikin haɗarin da da can ba zai shiga ba.

Sai an fara daga taya kafin a gane komai. Birki taya yake kamawa, tayar ce ke kama ƙasa. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba, wato mota mai nauyin tan ɗaya da rabi a kan tafi huɗu take gudu, take shan kwana, take tsayawa. Taya ta fi damƙar hanya a lokacin da take ci gaba da juyawa amma birki ya rage mata gudu ƙasa da na motar da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Da zarar an matse ta fiye da ƙima ta ƙame ta daina juyawa, sai ta koma jan ƙasa. Nan ne ake jin ƙarar nan mai tsinka zuciya, a ga baƙin layi biyu a kwalta. Tayar da ke jan ƙasa ba ta san dama ba, ba ta san hagu ba. In na gaba ne suka ƙame, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe, motar miƙewa za ta yi inda ta dosa. In na baya ne, sai bayan motar ya zagayo yana neman zama gaba.

Hana wannan ƙamewar shi ne aikin ABS. Kusa da kowace taya akwai sensa da ke ƙirga juyawar wani zobe mai haƙora ko mai maganaɗisu, tana kai rahoto ga wata 'yar kwamfuta. Idan kwamfutar ta ga gudun wata taya yana faɗuwa da saurin da ya wuce na motar, sai ta gane tana dab da ƙamewa. Nan take ta tare man birkin da ke zuwa ga wannan tayar, ta sassauta matsin har tayar ta sake juyawa, sannan a sake matsawa. Fiye da sau 10 take yin haka a daƙiƙa ɗaya, kuma a motocin zamani kowace taya da nata lissafin. Direba kuwa, komai gwanintarsa, feda ɗaya gare shi, kuma umarni ɗaya take aikawa ga tayoyi huɗu. Wannan gibin ba ya cikuwa da ƙwarewa.

Dabarar daga jiragen sama ta gangaro. Kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da wata na'ura mai suna Maxaret a shekarun 1950 don kada tayoyin jirgi su ƙame wajen sauka, aka kuma sa shi a motar Jensen FF a 1966. Irin wanda muka sani yau, mai aiki da lantarki a tayoyi huɗu, Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da shi a 1978 a motar S-Class. Daga 2004 kusan duk sabuwar ƙaramar motar da ake sayarwa a Tarayyar Turai da shi take zuwa. Saboda haka zaɓin da muke magana a kai ya fi tasowa wajen tsofaffin motoci, da wasu ƙananan motoci masu araha, da babura, da kuma motar da ABS ɗinta ya lalace.

Ranar da na fara jin sa yana aiki a ƙarƙashin ƙafata, ruwa ne ya fara sauka, kwalta ta yi wannan sheƙin na farkon yayyafi, lokacin da ƙura da ɗigon mai suke haɗuwa su zama santsi. Motar da ke gabana ta ci birki ba zato. Na taka nawa da ƙarfi, sai feda ta hau karkarwa tana turo ƙafata baya, ga wani gurnani daga gaban motar kamar ana niƙa tsakuwa. Abin da ya zo mini a rai shi ne wani ƙarfe ya karye. Na ɗaga ƙafa. Motar ta ci gaba da tafiya, na sake takawa, na tsaya saura bai fi taki ɗaya ba tsakanina da motar gaba. Wannan ɗagawar da na yi, wadda ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, ita ta cinye mini mitocin da suka kusa haɗa ni da ita. Birkin lafiyarsa ƙalau, karkarwar ma ita ce shaidar yana aikinsa. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka kafin ranar, kuma na san direbobi da yawa har yau ba a gaya musu ba.

To, bari mu ɗora su biyun a kan hanya. A busasshiyar kwalta mai kyau, tazarar tsayawarsu ba ta da nisa da juna sosai. Gogaggen direba da ya san motarsa, ya kuma san za a ce ya tsaya, zai iya matse birki zalla har bakin ƙamewa ya riƙe shi a nan, ya tsaya kusan inda mai ABS zai tsaya. Sai dai haɗari ba ya sallama. Yaro ne zai faɗo titi, ko motar gaba ta tsaya cak, kuma abin da ƙafar mutum ke yi a firgice shi ne ta danna da iya ƙarfinta. A mota marar ABS wannan dannawar ƙamewa ce. A mai ABS kuwa ita ake so.

A jiƙaƙƙiyar kwalta bambancin ya fito fili. Taya tana saurin ƙamewa a kan ruwa, kuma in ta ƙame tafiyarta ta fi nisa. Mai ABS yakan riga tsayawa, kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, sitiyarinsa yana jin magana: yana kan birki yana kauce wa abin da ke gabansa. Akwai kuma wani yanayi da ba a cika kawo shi a rai ba, inda tayoyin gefe ɗaya ke kan kwalta, na ɗaya gefen suka sauka kan ƙasa ko laka ko suka shiga ruwan da ya kwanta a gefen titi. In ka danna birki zalla a nan, gefen da ke da riƙo zai ja, ɗaya gefen ya zame, motar ta juya da kai. ABS yana ba kowane gefe gwargwadon abin da zai iya ɗauka, motar ta ci gaba da fuskantar gaba. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar sayensa.

Inda gizo ke saƙa shi ne sakakkiyar ƙasa: tsakuwa, rairayi mai zurfi, burjin da ya farfashe, ko sabuwar dusar ƙanƙara ga waɗanda ke ƙasashen sanyi. A irin wannan wuri tayar da ta ƙame tana nitsewa ta tara tudu a gabanta, tudun ya zame mata waigi. ABS kuwa ba ya barin ta ƙame, sai ta riƙa hawa kan tudun tana wucewa. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, ta gwada wannan a 1999, ta samu cewa a kan sakakkiyar tsakuwa ABS ya ƙara tazarar tsayawa da kusan kashi 27 cikin ɗari. Ba ƙaramin ƙari ba ne. In mota marar ABS ta tsaya a mita 30, mai ABS sai ta kai wajen mita 38. Hanya mai gargada ma tana rikita shi, domin duk sanda taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, birki yakan tsayar da ita a iska, kwamfuta ta ɗauka santsi ne ta sassauta. Sai direba ya ji kamar birki ya ƙi ci. Shi ya sa wasu motocin shiga daji suke da maɓallin da ke canza halin ABS ya bar taya ta ɗan ƙame, kuma sababbin tsare-tsare sun fi na shekarun 1990 iya hulɗa da tsakuwa. Duk da haka ko a nan akwai abin da ya rage wa mai ABS: tsayawarsa ta yi nisa, amma yana iya juya motar. Marar ABS ya tsaya kusa, da sharaɗin motar ta tafi a miƙe kuma abin da yake gudu bai kasance cikin waɗannan mitocin ba. A kan ƙanƙarar da ta daskare sumul kuwa, dukansu biyu tafiya mai nisa za su yi, don babu abin da taya za ta kama.

Wanda rayuwarsa duka a kan rairayi da tsakuwa take, a gudu kaɗan, ba cunkoso, shi ne mutum ɗaya da zan ce rashin ABS bai cuce shi sosai ba. Amma in rabin tafiyarka ma a kwalta ne, lissafin ya koma wajen ABS, domin a kwalta ake gudun da ke kisa. Tsawon da yake ƙarawa a tsakuwa kuma maganinsa yana hannunka: ka rage gudu, ka ninka tazara, ka fara birki da wuri.

Ƙafar ma ba iri ɗaya ake koya mata ba, kuma nan ne mutane suka fi cutuwa idan sun canza mota. A marar ABS, matsawa ake yi da ƙarfi amma da kunne a buɗe; da ka ji taya ta fara kuka ko sitiyari ya yi sakayau, ka ɗan sassauta ta juya, ka sake matsawa. A santsi tsofaffin direbobi suna koyar da taka-saki, taka-saki. Wannan darasin daidai ne a motarsa, amma a mota mai ABS ɓarna ne, don duk sakin da ka yi ka katse wa kwamfuta aiki, ka kuma ba mota damar ƙara tafiya. A mai ABS ka danna da iya ƙarfinka tun farko, ka bar ƙafar a nan duk karkarwar da feda za ta yi, in motar mai giyar hannu ce ka taka kuloci tare da birkin don kada inji ya mutu, sannan ka kalli inda kake son bi, ka juya sitiyari a natse. Yawancin mutane ba sa dannawa yadda ya kamata, wanda shi ya sa Mercedes-Benz ta ƙara na'urar da ke cika wa direba ƙarfin birki a 1996, sauran kamfanoni suka biyo baya.

Maganar juya sitiyari a natse tana da dalili. A tsakiyar shekarun 1990 alƙaluman Amurka sun nuna wani abu da ya ba masana mamaki: motoci masu ABS sun rage wasu haɗurran a jiƙaƙƙiyar hanya, amma haɗarin sauka daga titi ya ƙaru a cikinsu. Daga cikin dalilan da aka yi hasashe har da wannan: direban da ya fizgi sitiyari a firgice, a tsohuwar mota tayoyinsa sun ƙame, fizgar ba ta yi komai ba, a mai ABS kuwa motar sai ta bi umarnin, ta kai shi rami ko ta kife. Sitiyarin da ke jin magana yana jin ta banza ma. A lura kuma da wasu tsofaffin motocin a-kori-kura da ABS ɗinsu na tayoyin baya ne kawai. Su na gabansu suna iya ƙamewa, don haka ƙafar birki zalla ake yi musu.

Akwai abubuwan da ABS ba ya taɓawa ko kaɗan. Bai ƙara wa taya riƙo ba, wanda ke akwai yake tattalawa. In gudu ya ninka, tazarar birki sau huɗu take ninkuwa: motar da ke buƙatar mita 12 ta tsaya daga kilomita 50 a awa, kusan mita 48 za ta buƙata daga kilomita 100. Kafin ma ƙafarka ta kai kan feda, a gudun 100 kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In ka shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinta, riƙon taya ya riga ya ƙare wajen juyawa, babu saura da za a yi birki da shi. In ruwa ya kwanta a titi taya ta hau kansa tana yawo, ba ta taɓa kwalta, babu na'urar da za ta cece ka sai gudun ya ragu. Tayar da ta suɗe kuwa ta fi komai kashe amfaninsa. Ƙasashe da yawa sun sa milimita 1.6 a matsayin mafi ƙarancin zurfin zanen taya, amma riƙo a ruwa yana raguwa tun kafin a kai nan. Da za a ajiye mini mota mai ABS da suɗaɗɗun tayoyi, da marar ABS mai sababbin tayoyi, a ce in tuƙa iyalina cikin ruwa a yau, ta biyun zan ɗauka. In kuwa saye ne, ta farkon zan saya in canza mata taya kafin in hau babbar hanya.

Sai kuma halin ɗan Adam. A shekarun 1980 an yi bincike a kan direbobin tasi a birnin Munich na Jamus, wasu motocinsu da ABS wasu babu. Haɗarin masu ABS bai ragu ba, domin an lura sun fi tuƙin ganganci, suna cin birki a makare, sun dogara da na'urar. Abin da birkin ya ba su sun mayar da shi a gudu. Wannan ya fi damuna fiye da maganar tsakuwa.

Yanzu ga mai fitilar da ta ƙi mutuwa. Na taɓa kai mota da wannan matsalar, bakaniken ya dube ta ya ce, "Yallaɓai, ka bari in zare fiyus ɗin kawai, birkinka zai ci kamar na kowa." Na ce, "A'a Malam, a sa na'ura a duba tukuna." Da aka sa, sai ta nuna tayar baya ta hagu. Ya cire tayar, ga wayar sensa nan ta goge a jikin ƙarfe har jan ƙarfen cikinta ya bayyana. Aikin rabin awa ne. Yawancin laifin ABS irin wannan ne: sensa ta yi datti, waya ta tsinke, zobe ya tsage, boris ya saki ko an sa shi a juye, batir ya yi sanyi. Famfon ABS ɗin da kwamfutarsa su ne masu tsada, kuma ba su cika mutuwa ba. Gaskiya ne mota marar ABS ta fi sauƙin kulawa, babu sensa babu waya, kuma kowane bakanike ya san ta. Wannan ribarta ce, ba na musu.

Amma motar da aka kashe wa ABS ba daidai take da wadda aka ƙera ba tare da shi ba. A tsohuwar ƙira akwai bawul da ke rage ƙarfin birkin baya don kada ya riga na gaba ƙamewa. A motoci da yawa na zamani an cire wannan bawul ɗin, an ba kwamfutar ABS aikin. In ka kashe ta, tayoyin baya suna iya ƙamewa da wuri a birki mai ƙarfi, kuma ka ji abin da hakan ke jawowa. Na'urar hana mota juyawa a kwana, ESP ko ESC, wadda ta fito a 1995, ita ma da waɗannan sensa take gani, haka na'urar hana taya sulɓewa wajen tashi. Fiyus ɗaya sai ya tafi da su duka. A Birtaniya motar da fitilar ABS ɗinta ke kunne ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. In fitilar ruwan ɗorawa ce kaɗai ta kama, birkinka na yau da kullum yana nan, ka lallaɓa zuwa wajen gyara da tazara mai yawa. In ta kama tare da jar fitilar birki alhali birkin hannu a sauke yake, ka nemi wuri ka tsaya, a duba man birki kafin motar ta ƙara motsawa. Man birkin ma yana shan danshi, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza shi duk shekara 2; ka bi lambar da ke kan murfin, DOT 3 ko DOT 4, kada a zuba DOT 5 mai silikon a mota mai ABS.

A babur ba na ma jinkirin amsa. Tayar gaba in ta ƙame, kafin ƙiftawar ido mahayi yana ƙasa. BMW ta fara sa ABS a babur ɗinta K100 a 1988, Tarayyar Turai ta wajabta shi a sababbin baburan da injinsu ya wuce cc 125 daga 2016, Indiya ma ta wajabta shi a irinsu daga 2019. Ka tambaya ko na tayoyi biyu ne ko na gaba kawai, kuma kada a sayar maka da CBS a matsayin ABS: shi haɗa birkin gaba da na baya yake yi, ba ya hana ƙamewa. In babur ya kwanta sosai a kwana, ABS na gama-gari ba lallai ya hana shi zamewa ba.

In ka je sayen mota ta hannu, murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ka zuba wa allon ido. Fitilar ABS dole ta kama, sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa abin tsoro, don wataƙila an cire ƙwan ko an rufe shi. Ka duba tayoyin huɗu su zama girmansu ɗaya, domin bambancin girma yana ruɗa lissafin kwamfutar. Daga nan ka samu fili mai faɗi da babu kowa, ka ɗaura bel, ka duba madubi, ka kai kilomita 30 zuwa 40, ka danna birki da iya ƙarfinka. Feda ta yi karkarwa, motar ta tsaya a miƙe, ba dogon baƙin layi a ƙasa. Ka maimaita sau uku ko huɗu, a na ƙarshe ka ɗan juya sitiyari kana kan birkin. In akwai wani a gida da zai riƙa tuƙa motar, ka zo da shi filin shi ma ya taka da ƙafarsa.